Samanja Ya Ce Lafiya Lau

Litinin, 3 ga wata, 1:20 na rana

Sista ce ta kawo wannan littafi. Ta ajiye shi a kan firji ta ce, "Ki riƙa rubuta duk abin da ya faru da Baba, da rana da lokaci. Wata rana za a nema." Na ce mata ni da nake wuni ina gyaran rubutun mutane a maɗaba'a, ai rubutu ba zai gagare ni ba. Ta dube ni ta ce, "Na mutane daban, naki daban."

Sista ita ce ma'aikaciyar jinyar da ofishin tsofaffin sojoji yake turo mana. Tana zuwa bakwai na safe ta tafi sha biyu, Litinin zuwa Asabar. A cikin waɗannan awa biyar nake zuwa aiki in dawo. Sauran awa sha tara nawa ne. Wata goma sha huɗu ke nan muna haka, tun da Mama ta rasu na tattaro kayana na dawo gida.

To ga shi na rubuta. Baba ya ci abinci. Ya sha magani. Na yi wanki.

Laraba, 5 ga wata, 4:10 na yamma

Yau aka yi tantancewa. Gwamnati ta ce kuɗin da take kashewa a kan jinyar tsofaffin sojoji ya yi yawa, don haka za a sake duba kowa a raba su rukuni uku. Na ɗaya, wanda ba ya iya kula da kansa, a ci gaba da biya masa mai jinya. Na biyu, a riƙa leƙa shi sau ɗaya a mako. Na uku, magani kawai.

Tun da asuba Baba ya ce a kawo reza. Sista ta yi masa aski. Ya sa na ciro takalminsa na fareti daga ƙarƙashin gado, ya zauna ya goge shi da kansa har sai da ya ga fuskarsa a ciki. Hannun nan da kofin shayi yake gagara, yau shi ya riƙe burushi rabin awa.

A asibiti mun tarar da layin tsofaffi a kan benci, kowa an yi masa aski, kowa ya miƙe baya kamar an saka masa katako a riga. Da aka kira Baba sai ya miƙo mini sandarsa. Na ce, "Baba, ka tafi da ita." Ko kallona bai yi ba. Ni kuma aka ce in jira a waje, amma ƙofar ba ta rufu sosai ba.

Likitan kanar ne, yana cikin kaki. Baba na ganinsa ya ƙame.

"Samanja, yaya jiki?"

"Lafiya lau, yallaɓai."

"Kana iya wanka da kanka?"

"Sosai, yallaɓai."

"Barci fa? Banɗaki? Akwai wata matsala?"

"Babu, yallaɓai."

Minti shida. Ya fito da ƙafarsa har bakin benci, sannan ya zube. Mutum biyu suka taya ni saka shi a tasi. Muna hanya ya juyo ya ce, "Kofur, yaya na yi?" Haka yake kirana tun ina shekara shida, lokacin da nake jera yaran bariki ina yi musu fareti da kara.

Na ce, "Ka yi kyau, Baba."

Abin haushin ke nan. Ya yi kyau.

Juma'a, 7 ga wata, 6:30 na safe

Wanki biyu. Na shanya a bayan ɗaki.

Litinin, 10 ga wata, 2:00 na rana

Takarda ta zo. Rukuni na uku. "Binciken likita ya nuna cewa yana iya kula da kansa." Daga ranar 31 ga wata za a daina biyan mai jinya.

Na karanta sau uku ina neman kuskure, don aikina ke nan. Babu ko ɗigo da ya ɓace. Ban taɓa jin haushin takarda mai tsabta kamar yau ba.

Na kira Yaya. Yana can inda yake aiki, kwana biyu a mota. Ya ce, "Ai da kin kutsa kin yi musu bayani." Na ce an hana ni shiga. Ya ce, "Ke ma dai da sanyin jiki." Na lura wanda ke nesa ya fi kowa iya jinya. Ya ce zai ga abin da zai iya yi, kuma na san ba ƙarya yake yi ba, zai gani ɗin, ya gama gani.

Idan Sista ta tafi, aikina ya tafi. Ba a barin Baba awa biyar. Ba a barinsa minti ashirin ma.

Talata, 11 ga wata, 5:45 na yamma

Baba ya ɗan fita shan iska ina wanka. Mai facin taya na bakin titi ne ya rako shi. Na yi masa godiya, na ce a gaida gida.

Na sa sakata a sama, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi.

Alhamis, 13 ga wata, 6:00 na yamma

Baba Saje ya zo. Abokin Baba ne tun suna kuratan soja, yatsa uku gare shi a hannun dama, kuma bakinsa ba ya mutuwa. Ya shigo yana ɗingishi ya ce, "A taya ni murna, gwamnati ta ce na warke!"

Shi ma rukuni na uku. Ya ce su arba'in da ɗaya aka duba a ranar, arba'in suka fito lafiya lau. "Na cikon kurma ne, bai ji tambayar ba, shi ya tsira."

Na yi dariya har da hawaye, daga baya na rasa wanne ne na dariyar.

Da Baba ya yi gyangyaɗi, Baba Saje ya rage murya ya ce, "'Yata, kar ki ga laifinsa. Shekara talatin aka yi ana dasa mana abu ɗaya. Hafsa ya tambaye ka yaya kake, lafiya lau. Ko hanjinka na hannunka, lafiya lau, yallaɓai. Wanda ya ce akwai matsala rago ne, kuma rago ba ya cin abinci da mu. To su kuma suka ɗauko mai kaki da tauraro a kafaɗa suka ce ya tambaye mu. Me suke so mu ce?"

Shi ya ba ni labarin wani ɗan majalisa da ya kawo ƙuduri a kan kula da tsofaffin sojoji. Za a yi zaman jin ra'ayin jama'a ranar 26. Ya ce mutumin yana neman iyalan da za su yi magana, amma duk wanda ya tuntuɓa sai ya ce masa su dai alhamdu lillahi.

Asabar, 15 ga wata, 12:50 na rana

Na je ofishin Honarabul, wato ɗan majalisar nan, maimakon aiki. Ɗaki biyu ne a saman wani kanti, kujerun roba, fanka mai kuka, tarin fayil har a kan taga. Na zaci zan ga mai ƙaton tumbi da turare. Na tarar da siririn mutum da jan ido yana haɗiyar maganin ciwon kai da ruwan da ya huce.

Ya ce, "Malama, ƙudurin sashe talatin da biyu ne. Yawancinsu a kan a riƙa biyan asibitoci kai tsaye ne, kada tsoho ya biya ya zauna jiran a mayar masa. Amma sashe na tara naki ne. Ya ce ba za a yanke wa tsohon soja rukuni ba sai an ji ta bakin wanda ke jinyarsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba ya bukatar doka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Ya ce, "Masu kasafi ma sun sani, shi ya sa ba sa so. In aka tambayi mai ɗaki, rabin rukuni na uku za su koma na ɗaya, kuɗin ya ninka. Su suna da takardar likita. Ni ba ni da komai sai in an samu mutum ɗaya ya faɗi abin da ke faruwa a gida. Dalla-dalla. Kuma ya zo da tsohon su gan shi."

Na ce, "A gabansa?"

Ya ce, "A gabansa, da gaban 'yan jarida. Na san abin da nake roƙo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ba zan ce ba siyasa yake yi ba, na ga fostocinsa a jingine a lungu. Amma bai yi mini alkawarin komai ba, kuma wannan ya sa na ce zan zo.

Litinin, 17 ga wata, 3:30 na yamma

Na karanta ƙudurin duka, shafi sittin da ɗaya. Kuskuren rubutu goma sha ɗaya. Na yi musu alama da jan biro kafin na tuna ba wanda ya sa ni.

A shafi na huɗu sun fassara "mai jinya na gida": wanda yake kula da tsohon soja ba tare da albashi ba, aƙalla awa takwas a rana. Awa takwas. Allah ya ba mu irin wannan aiki.

Wanki ɗaya.

Talata, 18 ga wata, 6:20 na safe

Wanki biyu. Sabulu ya ƙare.

Alhamis, 20 ga wata, 1:15 na rana

Na sayi sabuwar butar shayi. Na kuma sa a cire mana maɓallin kunna gas ɗin, in na gama girki in ɓoye shi a aljihu.

Manaja ya kira ni ofis. Littafin lissafi na 'yan firamare da na duba makon jiya ya fita da shafi ɗaya a juye. Shekara tara ina wannan aiki ban taɓa yin haka ba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Lafiya dai ko?" Na ce, "Lafiya lau."

Asabar, 22 ga wata, 7:40 na safe

Na sa riga mai dogon hannu. Sista ta dubi hannun rigar, ta dubi zafin da ake yi, ta ce, "Kin rubuta?" Na ce na rubuta. Ta ce, "Mu gani." Na ce ruwa yana tafasa.

Lahadi, 23 ga wata, 4:00 na yamma

Yau Baba yana cikin hayyacinsa tun safe. Irin wannan rana ita ta fi wuya, don sai in ga kamar ni ce nake ƙara gishiri. Ya zauna a baranda ya gyara mini mariƙin jaka da allura da zare, ɗinkin soja, mummuna amma ba ya kwancewa. Ya ba ni labarin yadda ake raba gadi, labarin da na ji ya fi sau ɗari: awa biyu a tsaye, awa huɗu a huta. Ya ce samanja na gari ba da ihu ake gane shi ba, da jadawalin gadinsa ake gane shi.

Na gaya masa za mu je majalisa ranar Laraba. Ya ce, "Manya za su zo?" Na ce za su zo. Ya ce, "To a goge kaki."

Ban gaya masa abin da zan je faɗa ba.

Litinin, 24 ga wata, 2:30 na rana

Na shiga banɗaki na rufe ƙofa, na gwada faɗa a gaban madubi. "Mahaifina yana..." Nan nake tsayawa. Mutumin da ya ɗora ni a kafaɗa na ga fareti. Mutumin da in ya yi gyaran murya a ƙofar gida maza ɗari suke gyara tsayuwa. In tsaya a gaban kyamara in kwance masa zani a kasuwa?

Amma kwana bakwai suka rage wa Sista.

Talata, 25 ga wata, 6:15 na safe

Wanki biyu. Guga. Na gaji, wallahi na gaji.

Laraba, 26 ga wata, 5:50 na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru tun ban fara gyara shi a kaina ba.

Ɗakin zaman dogo ne, da sanyin na'ura da ya sa gwiwar Baba ta fara ciwo tun kafin a fara. 'Yan kwamiti tara a kan tebur mai lanƙwasa, kowa da makirufo da gorar ruwa. Mu a ƙasa. Baba cikin kaki da lambobinsa huɗu, Baba Saje a damansa, ni a hagu.

Wani daga ma'aikatar kuɗi ya fara. Ya yi magana mai daɗi, ya ce ƙasa ba za ta taɓa manta 'yan mazan jiya ba, sannan ya ce sashe na tara zai fasa kasafi. Ya ɗaga takarda ya ce binciken likitoci ya nuna tara cikin goma na tsofaffin sojoji suna iya kula da kansu. A bayansa na hango kanar ɗin nan da ya duba Baba, yana zaune da fayil a cinya.

Aka kira ni. Minti uku. Na ce ni 'yarsa ce, ni nake zaune da shi. Na ce yana bukatar taimako.

Shugaban kwamiti ya ce, "Wane irin taimako, Malama?"

Na dubi Honarabul, ya gyaɗa mini kai. Na dubi Baba. Yana zaune a miƙe, tafin hannunsa a kan gwiwa, yana kallona yadda yake kallona ranar da na karɓi sakamakon makaranta.

Na ce, "Na yau da kullum, ranka ya daɗe."

"Kamar me?"

"Kamar abinci. Da magani."

Shi ke nan abin da na iya. Honarabul ya cire tabarau ya dafe goshi. Shugaba ya duba agogo, ya juya wajen Baba don ya sallame mu cikin mutunci. Ya ce, "Samanja, kai fa me za ka ce? Yaya jikin?"

Baba ya miƙe ba sanda. Ya ƙame.

"Lafiya lau, yallaɓai."

Wani a baya ya yi 'yar dariya. Mutumin ma'aikatar kuɗi ya rubuta wani abu. Na ja gefen rigar Baba don ya zauna, bai zauna ba.

Ya ce, "Izinin ba da rahoto, yallaɓai."

Shugaba ya ɗan rikice, ya ce, "Bismillah."

"Ina da kofur guda a bakin gadi. Tun ranar da muka kai uwarta makwancinta ba a canje ta ba. A ƙa'ida awa biyu ake yi a sauke mai gadi. Ba ta kawo ƙara ba, don haka ni na kawo. Tana wanki kafin gari ya waye, tana shanya a bayan ɗaki, tana tsammanin ban sani ba." Ya gyara tsayuwa. "Samanjan da ya bar nasa a gadi haka, kwance masa igiya ya kamata a yi. Ina neman a turo canji. Ƙarshen rahoto."

Ya sara. Ba wanda ya san yadda ake amsawa a kan teburin nan. Kanar ne kaɗai ya miƙe daga bayan ɗaki ya amsa masa.

Daga nan ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa, sai da ni da Baba Saje muka zaunar da shi. A tasi ya yi barci a kafaɗata. Da muka iso ya tambaye ni ko Mama ta dawo daga kasuwa.

Ashe ya sani. Duk wannan lokacin ya sani.

Juma'a, 28 ga wata, 1:40 na rana

Honarabul ya kira da kansa. Sassan biyan asibiti sun wuce. Sashe na tara an ɗage shi sai an dawo daga hutu an ga kasafin baɗi. Ya ce, "Ɗagewa aka yi, Malama, ba kashewa ba." Na ce na gode. Ya ce maganar Baba ta taɓa mutane. Na ce to.

Yaya ya turo mini bidiyon a waya, wai ana ta yaɗawa, wai shi har kuka ya yi. Ban buɗe ba. Ina wurin ai.

Litinin, 31 ga wata, 12:20 na rana

Sista ta tafi. Ta nuna mini yadda ake juya shi ba tare da na karya bayana ba, ta bar mini safar hannu kwali ɗaya. A bakin ƙofa ta ce, "Ban taɓa barin gida raina ya ɓaci haka ba." Na ce Allah ya saka da alheri. Ba mu rungumi juna ba, don mun san abin da zai biyo baya.

Manaja ya ba ni hutun mako biyu. Bayan nan, ya ce, sai dai mu zauna mu yi magana.

Laraba, 2 ga sabon wata, 6:10 na safe

Wanki uku.

Alhamis, 3 ga wata, 11:00 na safe

An kira daga asibitin soja. Na zaci magatakarda ne, ashe kanar ɗin ne da kansa. Ya ce za a sake duba Baba ranar Litinin. Ya ce, "Ni ma soja ne, ni ya kamata in fara sanin abin da lafiya lau take nufi. Doka ba ta ce in tambaye ki ba, amma ba ta hana ni ba. Ma'aikaciyar jinyarku ta ce kina da littafi. Ki zo da shi. Sai na ga abu a rubuce zan iya canza rukuni."

Na ce, "Sauran talatin da taran fa, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Wannan sai dokar Honarabul. Ni fayil ɗaya aka ba ni izinin buɗewa."

Asabar, 5 ga wata, 3:00 na yamma

Na zauna na karanta littafin nan daga farko da jan biro a hannu, kamar na wani ne aka kawo mini.

Baba ya ci abinci. Na yi wanki. Ya fita shan iska. Na sayi buta. Na sa riga mai dogon hannu.

In aka miƙa wa likita wannan, rukuni na uku zai sake rubutawa, kuma da gaskiyarsa. Wata guda ina jin haushin tsoho don ya ce lafiya lau sau ɗaya a cikin minti shida. Ni na faɗe ta a kowane shafi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Lahadi, 6 ga wata, 10:30 na safe

Zuwa ga likita.

Mahaifina yana fitsarin kwance kusan kullum, wani lokaci fiye da fitsari. Ni nake wanke shi, ni nake wanke shimfiɗar.

Ranar 11 ga watan jiya ya fita da rigar kaki ba wando, ya tsaya a bakin titi yana jiran motar bariki. An rufe barikin nan shekara goma sha biyu da suka wuce.

Ranar 19 ya ɗora buta a wuta ba ruwa, ya manta. Labulen kicin ya kama.

Ranar 21 na shiga tashinsa bai gane ni ba. Ya murɗe mini hannu ya danne ni da bango yana tambayar wa ya aiko ni. Shatin ya yi kwana goma. Bai san ya yi ba, kuma ina roƙo kada a gaya masa.

Ba ya iya wanka, ba ya iya sa tufafi, ba ya iya bambance maganin safe da na yamma. Ba ya iya kula da kansa.

Ni ma ba na iya kula da shi ni kaɗai. Ba lafiya lau nake ba.

Ƙarshen rahoto.

Litinin, 7 ga wata, 2:15 na rana

Kanar ya zo cikin farar riga, ba kaki. Ya karanta shafin jiya sau biyu, bai ɗago ido ya dube ni ba, kuma na gode masa da haka. Ya tambayi Baba yaya jiki. Baba ya ce lafiya lau. Ya ce, "Na sani, Samanja," ya ci gaba da rubutu.

Juma'a, 11 ga wata, 12:30 na rana

Takarda. Rukuni na ɗaya, na wata shida, sannan a sake dubawa. Akwai kuskure a layi na biyu, sun maimaita kalma. Na bar musu abinsu.

Baba Saje ya zo taya murna da gwiwarsa a kumbure kamar ƙwarya. Shi har yanzu gwamnati ta ce ya warke. Ya ce in ara masa littafin ya kai wa matarsa ta kwafa. Na ce shafi ɗaya ne kawai mai amfani a ciki, kuma sai ta rubuta nata da kanta. Na yi alkawarin zuwa in zauna da ita, da duk matar da ta yarda, kafin majalisa ta dawo daga hutu. Ban san inda zan samo ƙarfin ba.

Litinin, 14 ga wata, 12:05 na rana

Bakwai daidai aka ƙwanƙwasa. Sista ce, da jakarta, kamar jiya ta tafi.

Yau ba ranar Baba ba ce. Tun asuba yake kallona kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya. Da muka shiga tare ya dubi Sista, ya dube ni, ya ce, "Ke wace ce?"

Na ce, "Kofur ce, yallaɓai. Canji ya zo."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "To me kike jira? Sauka."

Manaja ya ce sai jibi zan koma aiki. Na shiga ɗakina da niyyar in zauna minti biyar a bakin gado, ko takalmi ban cire ba. Yanzu na farka.

Sista ta ce ya kira ni sau biyu. Ban ji ba.